Ranar da Makarar Anaruwa Ta Hau Tudu

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ce a taka, ya zuba ruwa ya ce a sha. Ku matso kusa, ku masu son labarin nesa. Ni ne Cindo ɗan Barmo, mai yatsa shida a hannun dama, wanda ya bar garinsu da baƙin gashi ya dawo da furfura. Na ci abinci da sarakuna, na yi zango da 'yan fashi, na ga abin dariya na ga abin kuka. Amma labarin da zan ba ku yau ba a bakin wani na ji shi ba, a kafaɗata na ɗauko shi.

Ba talauci ne ya fitar da ni daga gida ba, zargi ne. Allah ya yi ni da zuciyar da ba ta yarda da kowa. In mutum ya yi mini murmushi sai in laluba aljihuna, in ya miƙo mini fura sai in jira ya fara kurɓa. Wannan hali ya gajiyar da ni ƙwarai, sai na ce bari in shiga duniya in nemo ilimin da zai nuna mini maƙaryaci ƙarara, in huta da zato.

Na fara faɗawa wata ƙasa inda kowa ke ɗaura madubi a gaban goshinsa don ya riƙa ganin wanda ke bayansa. Na ce to, na zo gidan 'yan'uwana. Ashe ba haka ba ne. Da suka ga ba ni da madubi sai suka ce wanda ba ya tsoron bayansa shi ne abin tsoro, suka yi kururuwa a kama ni. Na lura duk mai nemana bayansa yake dubawa, sai na riƙa tsayawa daidai gaban hancinsu. Haka na bi ta tsakiyar kasuwarsu na fice ta babbar ƙofa, suna can suna karo da bango.

Daga nan na sayi wani tsuntsu a hannun wata tsohuwa da ta rantse mini cewa yana kuka duk lokacin da aka yi ƙarya. Tun tana cikin rantsuwar ya fara kuka, ni kuwa da wayona ban gane ba sai da na yi nisa. Wani madugun fataken kanwa ne ya tarar da ni zaune ina harararsa, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "In gaskiyar mutane kake nema, ka tafi Zangaru. A can akwai makarar da ke nuna wanda ya kashe mamacin da ke kanta." Na saki tsuntsun, na bi ayarinsa.

Birnin Zangaru yana kan tudu, ganuwarsa fara fat domin da kanwa ake shafe ta. Babbar hanya ɗaya ce a cikinsa, miƙaƙƙiya kamar an ja igiya. Ta taso daga maƙabartar manyan gari da ke can sama ƙarƙashin itatuwan tsamiya, ta ratsa kasuwa, ta fita ƙofar gari, ta gangara har bakin wani babban tafki. Na bi ta daga sama har ƙasa ina tambayar makara. Wani mai sayar da goro ya yi tsaki ya nuna mini ruwa da haɓa. "Shirmen Tafkawa ne, mu Tudawa ba ruwanmu da shi," in ji shi. Amma na ga ya yi tofi a ƙirjinsa bayan ya faɗa, na riƙe wannan a raina.

Ga yadda zaman ƙasar yake. Tudawa su ne mutanen birni. Tafkawa kuwa a kan ruwa suke zaune, a bisa dandamalin gora da aka ɗaure juna da igiyoyi har suka zama gari guda mai unguwanni da gadoji. Su ke nutso su haƙo kanwar da birni ke taƙama da ita, amma doka ta hana ƙafarsu taka busasshiyar ƙasa. Akwai wani farin dutse a bakin gaɓa, inda babbar gadarsu ta haɗu da hanyar birni, shi ne iyaka. Ba su shiga kasuwa, ba a jin shaidarsu a gaban alƙali, kuma abin da ya fi ci musu rai, ba a binne mamatansu. A ruwa suke sakin su.

Da na hau gadar na leƙa ƙasa sai na ga abin mamaki. Ruwan garai-garai yake, kanwa kuma ba ta barin gawa ta ruɓe. Kakanninsu duk suna nan kwance a ƙasan tafki, sahu-sahu, da fuskokinsu da zanensu, kamar masu barcin rana. Yaro na iya nuna maka kakan kakansa da yatsa.

Wani dattijo gajere siriri ya tare ni a tsakiyar gada, rungume da wata tukunya. Ƙafarsa ta dama duk tabon bulala ce, ta hagu kuwa sumul.

"Baƙo, sannu da hanya," in ji shi. "Kafin ka sha ruwa ina roƙon arziki. Kakkaɓe mini takalmanka a cikin tukunyar nan."

Na ja da baya. A garinmu ba mai ɗibar ƙasar sawun mutum sai mai shirin yi masa sammu.

"Baba, me na yi maka? Ko gaisawa ba mu gama ba."

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya karkato mini tukunyar. Wani ɗan tsiron kuka ne a ciki, tsawonsa bai wuce taƙi ba, tsaye a kan ƙasar da aka tara daga takalman baƙi shekara da shekaru.

"Wannan ita ce gonata, ita ce kuma ƙasar Tafkawa gaba ɗaya," ya ce. "Ka ƙara mana faɗi."

Na kakkaɓe masa, amma na karanta abin da na sani a zuci, don ba a sani ba.

Wannan shi ne Anaruwa, jagoran Tafkawa. A gidansa na sauka, yayarsa Inna Tasalla ke ba ni abinci, tsohuwa mai kaifin ido da ba ta yawan magana. Da ranar kasuwa ta zo na ga aikinsa da idona. Ya tafi bakin farin dutse, ya ɗaga ƙafar dama ya ɗora a kan ƙasa, ta hagu tana kan gada, ya tsaya. Dakarun birni suka zo da bulala suka dinga tsula wa ƙafar, bai janye ba, bai zagi kowa ba, har rana ta karkata. Aka ce mini da ya fara shi kaɗai ne, mutane na yi masa kallon mahaukaci. Ran da na gani kuwa layin masu ƙafa ɗaya a ƙasa ya yi tsawon da dakaru suka gaji da duka, hannuwansu suka mutu.

Mutum biyu ne ke tsaye a gefensa kullum. Korau saurayi ne ƙaƙƙarfa mai zafin zuciya, burinsa a ƙona rumbunan kanwar birni kowa ya rasa. Shekarau kuwa dattijo ne mai sanyin murya, shi a ganinsa a aika wa manyan birni da kyauta a roƙe su a hankali. Waɗannan biyu ba sa shan ruwa a ƙwarya ɗaya, amma in Anaruwa ya zauna a tsakaninsu sai ka rantse uwa ɗaya ta haife su. Akwai kuma Nomau, matuƙin kwale-kwalensa, mutum mai yawan dariya wanda duk tafkin ba shi da abokin faɗa.

Sai Anaruwa ya yi shela cewa kasuwa mai zuwa ba ƙafa ɗaya ba ce, biyu ce. Kowa da kowa zai haye, a bi hanya har sama, a zauna a maƙabarta sai an ba su wurin binne nasu. Tun daga ranar ya riƙa sauya hanyar da yake bi da kwale-kwale a cikin duhuwar karan tafki, domin an ce birni ya sa a kashe shi. Waɗanda suka san hanyarsa ta kowace safiya su ne Inna Tasalla da Korau da Shekarau da Nomau.

Ana gobe kasuwa, da hantsi, Nomau ya shigo gari yana tuƙi yana ihu. Anaruwa na kwance a cikin kwale-kwalen, kibiya irin ta dakarun birni a bayansa. Ya riga ya cika.

Na ga kuka a duniya, amma ban taɓa ganin gari guda ya yi kuka irin na ranar ba. Ni kaina da ban daɗe da saninsa ba na zubar da hawaye, kuma ba kasafai nake yi ba. Sai dai kukan bai kai la'asar ba wata tambaya ta maye gurbinsa. Maharbin ɗan birni ne, wannan kowa ya sani. To wa ya gaya masa hanya?

Gari ya waye ranar kasuwa, ba wanda ya je bakin farin dutse. Aka ɗora Anaruwa a kan makara, aka ce za a tambaye ta. Abin da na ƙetare duniya don in gani ke nan, na kutsa gaba ina ta zumuɗi, Allah ya yafe mini. Al'adar ita ce a ɗaure wa mutum huɗu idanu da baƙin ƙyalle, su ɗauki makara, a buga ganga, ita kuma ta ja su har ta doki mai laifi da kanta. Korau ne ya zaɓo masu ɗauka daga cikin samarinsa. Makara ta yi tangaɗi, ta juya, ta miƙe ta doki Nomau a ƙirji.

"Wallahi ban faɗa wa kowa ba!" yake cewa. "Inna, ke kin san ni! Ni na goya shi ranar da suka karya masa ƙafa!"

Inna Tasalla ta buɗe baki, amma hayaniya ta danne ta. Aka ɗaure Nomau hannu da ƙafa aka jefa shi daga kan babbar gada. Ya kwanta a ƙasan ruwa daidai inda kowa ke wucewa, idanunsa a buɗe. Matarsa Ige ta zauna a wurin, kullum tana nan, ba ta kuka ba ta magana, sai dai ta kalli duk wanda ya zo wucewa.

Da a ce abin ya tsaya nan da sauƙi. Mutanen Shekarau suka fara raɗa cewa samarin Korau ne suka tura makarar don su rufe bakin wanda ya san asirin maigidansu. Suka ce a sake tambaya da nasu masu ɗauka. Aka sake, sai ga makara ta nufi unguwar Korau ta doki ƙofar ƙanensa. Nan aka zare wuƙaƙen yankan kara, jini ya zuba, da ƙyar dattawa suka raba. Gawar Anaruwa kuwa an shafe ta da kanwa, tana nan a dandalin gari ba ta canja ba. Ni da a garinmu ba a barin mamaci ya wuni, abin ya dame ni ƙwarai.

Daga nan gari ya lalace. Maƙwabci ya daina karɓar wuta a gidan maƙwabci. In mutum biyu suka tsaya suna magana sai na uku ya je ya ba da labari. Wanda ya yi kuka da yawa a ce yana ɓoye wani abu, wanda bai yi ba a ce daɗi yake ji. Mutane suka fara yanke igiyoyin da suka ɗaure gidajensu da na wasu, ka tashi da safe ka ga gida guda ya yi nisa a kan ruwa shi kaɗai. Kasuwa ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, farin dutse ba kowa. Dakarun birni suka rataye bulalunsu, suka zauna a kan ganuwa suna cin gyaɗa suna kallonmu. Ni da na yi zaton na fi kowa zargi a duniya, sai na ga ashe ni almajiri ne a wannan fanni.

Wata rana da azahar Inna Tasalla ta ajiye mini tuwo, ta zauna, abin da ba ta saba yi ba.

"Ɗana, ci da kyau," ta ce. "Korau da Shekarau sun shirya."

"Alhamdu lillahi, Inna."

"A kanka suka shirya. Sun gaji da faɗa, kowa na son a rufe maganar ba tare da an taɓa nasa ba. Ga baƙo mai yatsa shida da ya biyo ta birni, ya sauka a gidan mamaci, ba shi da dangi a nan. Gobe kowane ɓangare zai kawo mutum biyu, makara kuma ta san inda za ta."

Na janye hannuna daga tuwon. Na dube ta ina tunanin ko ita ma turo ta aka yi, don in gudu a ce gudun ya tabbatar da laifi. Gudun ma ba hanya, an sa samari a bakin gada da wajen kwale-kwale.

"Inna, makarar nan ba ta taɓa dukan wanda ke ɗauke da ita ba?"

"Ta yaya za ta doke shi yana ƙarƙashinta? In mai laifi na cikin masu ɗauka, nauyi take yi masa har ya durƙusa. Haka muka gada. Shi ya sa ba mai son ɗauka in ana zarginsa."

Na cinye tuwona tas, na sha ruwa.

Washegari da aka taru a dandali, kafin a buga ganga, na fito tsakiya na ɗaga hannuna mai yatsa shida don kowa ya gani.

"Jama'a, na san abin da ake faɗa a kaina," na ce. "Ni zan sa kafaɗata a ƙarƙashin makarar Baba Anaruwa, in ni ne ta durƙusar da ni a gabanku. Amma ba ni kaɗai ake zargi a garin nan ba. Waɗanda suka san hanyarsa su huɗu ne, ɗaya yana ƙarƙashin gada. Sauran su zo mu ɗauka tare. Wanda ya san kafaɗarsa ba za ta iya ba, ya faɗa yanzu."

Korau ya dube ni kamar ya cinye ni ɗanye, ya dubi Shekarau, Shekarau ya dubi ƙasa. Inna Tasalla ce ta fara tashi, ta ɗaura zanenta tamau, ta goya tukunyar kukar ƙanenta a baya kamar jariri, ta zo ta tsaya a ƙafar makara. Bayan wannan ba namijin da zai iya cewa a'a. Korau ya kama gaba ta dama, Shekarau gaba ta hagu, ni da Inna muna baya. Aka ɗaure mana idanu. Ni dai kun san halina, na ɗan sassauta nawa ƙyallen da babban yatsa har ina hango ƙasa da gefe.

Ganga ta tashi, muka ɗaga. Nan na sami ilimin da na bar gida dominsa, kuma bai yi mini daɗi ba. Kafaɗata ta ji komai. Korau na tura makara hagu, wajen unguwar Shekarau. Shekarau, mai sanyin muryar nan, na tura ta dama da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba, wajen unguwar Korau. Wannan ya tura, wancan ya tura, ba wanda ya rinjayi wani, sai makara ta miƙe sak ta tsakiya. Tsakiya kuwa ita ce babbar gada.

Muka bi ta kan Nomau. Na hango Ige ta tashi tsaye ta biyo mu. Bayanta gari ne gaba ɗaya, kowa na son ya ga wanda za a doka, har waɗanda suka yanke igiyoyinsu sun tuƙo sun hau gada. Muka yi ta tafiya, gora na ƙara a ƙarƙashinmu, sai na ga farin dutse ya wuce ta gefen ƙafata. Ƙarar gora ta ɗauke.

"Mene ne wannan a ƙafata?" in ji Korau da raɗa.

"Ƙasa ce," na ce masa. "Duka biyun."

"Dattijo, tsaya," ya ce wa Shekarau.

"Kai ka fara tsayawa," in ji Shekarau, "mutane su ga wanda ta yi wa nauyi."

Ba wanda ya tsaya. Kowannensu ya fi tsoron a ce ya durƙusa fiye da tsoron bulala, haka muka fara hawan tudu.

A ƙofar gari dakaru suka jeru, kowa da mashinsa. Shugabansu ya daka tsawa ya ce mu koma ko ya sa a soke mu. Na ce a raina, Cindo, ka tsere wa ruwa ga mashi. Sai na ji Shekarau ya ɗaga murya irin yadda ban taɓa jin ya yi ba.

"Ba mu ke tafiya ba, ita ke jan mu! Mai kibiyar da ta kashe Anaruwa take nema. Wanda ya san ba shi ba ne, ya tsaya a gabanta!"

Ta ƙasan ƙyallena na ga ƙafafun dakaru. Ɗaya ya ja da baya. Na kusa da shi ya juya ya dube shi, shi ma ya matsa, don kada makara ta kauce wa wancan ta same shi. Kafin mu iso, layin ya tsage biyu, kowa ya manne da bango yana hararar ɗan'uwansa. Na tuna mai goron da ya yi tofi a ƙirjinsa. Ashe duk birnin haka suke.

Muka ratsa kasuwa, masu kaya suka watse suka bar kayansu. Muka wuce gidajen manya, ina jin ana rufe ƙofofi ana saka sakata, ba mai son makara ta tsaya a ƙofarsa. Bayanmu kuwa ƙarar tafin ƙafar dubban mutane ne da ba su taɓa taka ƙasa ba, wasu na kuka, wasu na tuntuɓe, yara na tambayar iyayensu me ya sa abin nan ba ya motsi. Hanyar ba ta da kwana, na faɗa muku tun farko. Ta kai mu har inuwar tsamiya.

A nan ne kusurwar da ke gefena ta yi ƙasa. Inna Tasalla ta durƙusa a kan gwiwoyinta.

Ganga ta tsaya. Can baya wata murya ta ce, "Ita ce?" Wata ta amsa, "Ai ita ma ta san hanya." Raɗa ta fara yawo, na ji taron na matsowa. Ni kaina, in faɗi gaskiya, zuciyata ta ce mini, tsohuwar nan ita ta ba ka dabarar, me ya sa? Tsohuwa ce da ta hau tudu da gawa a kafaɗa da tukunya a baya, ko saurayi ya isa ya faɗi. Amma zargi ba ya jin irin wannan bayani.

Korau ya fizge ƙyallen idonsa. Ya dubi Inna tana haki, ya dubi taron, idonsa ya faɗa kan Ige da ke tsaye a gaba tana kallonsa, irin kallon da take yi a bakin gada. Kalma ɗaya zai faɗa a gama da tsohuwar, shi kuma ya fita daga zargi har abada.

Sai ya lanƙwasa gwiwa ya durƙusa, makara na kafaɗarsa.

"Ni ma ta yi mini nauyi," ya ce da ƙarfi. "Tun ranar Nomau take yi mini nauyi."

Shekarau ya cire nasa ƙyallen, ya daɗe yana duban Korau, sannan shi ma ya durƙusa. Ni da na rage a tsaye da kusurwa ɗaya ba ni da zaɓi, na bi su. Makara ta sauka a ƙasa. Daga nan na gaba suka fara durƙusawa, na baya suka bi, har gangaren tudu ya cika da mutane a kan gwiwa, tafin hannuwansu a cikin ƙasa. Ige kaɗai ta rage a tsaye.

Da hannu aka haƙa kabarin, don ba su da fartanya, ba su ma san ta ba. Ni na nuna musu yadda ake yi. Aka sa Anaruwa, aka mayar da ƙasa, Inna Tasalla ta kwance goyonta ta fasa tukunyar ta dasa kukar a wajen kansa. Sai Ige ta yi magana, karo na farko tun ranar gada.

"Nawa fa? Wa zai fito mini da shi?"

Korau ne ya yi nutso ya ɗauko Nomau, shi ya kama gaban makararsa, aka binne shi kusa da maigidansa. Ige ba ta ce ta yafe ba, ba wanda kuma ya nemi ta ce.

Na zauna da su har damina ta wuce. Ba su sake naɗa jagora ɗaya ba, sun ce kibiya ɗaya ta ishe su darasi. Mutum huɗu suka sa a gaba, kuma ba a yanke magana sai duk suna wurin, kowa na sa wa kowa ido. Tafiyar ta yi nawa, gardama ta yi yawa, wani lokaci har in yi kewar dattijon da ke magana ɗaya a tashi. Manyan birni sun yi barazanar tone kaburburan, amma ba a sami wanda zai fara sa hannu ba. Daga baya suka bar musu gefen maƙabarta. Maganar shiga kasuwa da ba da shaida a gaban alƙali kuwa har na taho ana ja-in-ja, ranar kasuwa kuma bulala ba ta daina aiki ba. Makara dai ba a sake tambayarta komai ba. Wanda ya gaya wa maharbi hanya, har yau ba a san shi ba, kuma yana nan cikinsu yana cin tuwo da su.

Ran da zan tafi Inna Tasalla ta rako ni har bakin farin dutse, ta taka shi ta wuce kamar ba komai. Tambayar da ke cina ta ƙi barina.

"Inna, don Allah, ranar nan gajiya ce ta kayar da ke?"

Ta dube ni da kaifin idon nan nata. "Ɗana, ka ƙetare duniya neman abin da ke nuna mai laifi, ka sa kafaɗarka a ƙarƙashinsa. Me ka ji?"

"Na ji mutane suna turawa."

"To ka ji abin da ke akwai."

Amsar tambayata dai ban same ta ba. Na sunkuya zan cire takalmana in kakkaɓe mata kamar yadda baƙi ke yi, sai ta riƙe mini hannu.

"Tafi da ƙurarka," ta ce. "Yanzu muna da tamu."

Na kama hanya. Sau da yawa na waiwaya, tana nan tsaye da ƙafafunta biyu a kan ƙasa, har tudu ya raba mu. Nan na sauke muku kayan da na ɗauko daga Zangaru. Abin da na gani na faɗa, abin da ban sani ba na bar wa Masanin abin da ke cikin zukata.